Jan Fenti a Birkin Sista

Duk layinmu Injiniya ake kira na, kuma in za a bi gaskiya ni na raɗa wa kaina sunan. Sana'ata sayar da fenti ce. Amma na taɓa gyara fankar ɗakinmu, ta yi aiki lafiya lau na ɗan lokaci kafin ta kama da wuta, kuma tun daga ranar na gane cewa baiwar da Allah ya yi mini ta fi ƙarfin shagon fenti.

Matata ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake ce mata, har ni. A asibitinsu aka buɗe sabon aiki na bin marasa lafiya gida-gida, aka ce ita za a ba, amma da sharaɗin ta kawo lasin tuƙi kafin ƙarshen wata. In ba ta kawo ba, a ba wata. Baiwar Allah ta ɗauki abin da zafi. Ta sayi wata 'yar farar mota ta hannu, kullum in ta taso aiki sai ta wuce fili ta yi ta shiga tsakanin duwatsu da baya tana fita. Aka sa mata gwaji ranar Asabar bayan azahar, kuma shi ne gwaji na ƙarshe da ofishin lasin zai yi a watan. Kowa da motarsa yake zuwa.

Ana gobe gwajin ta same ni ina shan shayi.

"Baban yara, birkin nan yana ɗan ƙara in na taka. Bari in kai wa bakanike ya duba."

"Bakanike? Ina zaune a gidan nan?"

"Ai shi ya sa nake so in fita da ita da wuri."

Na ajiye kofin. Na ce mata wannan maganar cin fuska ce. Na ce birki ba komai ba ne illa mai da tiyo da ƙarfe, kuma ni da idona na kalli bidiyon gyaransa a waya. Ban faɗa mata rabinsa na kalla ba, domin mai bidiyon ya cika surutu. Ta dube ni, ta dubi agogo, lokacin aikinta ya yi.

"Dubawa kawai," in ji ta. "Kar ka kwance komai."

"Dubawa kawai."

Tana shan kwana na ɗauko jak ɗin ɗaga mota.

Na ɗaga motar a ƙofar gida, na tokare ta da itace da duwatsu, na cire tayoyin gaba. Ƙarar ba komai ba ce, wata 'yar tsakuwa ce ta maƙale, na zare ta da tsinke. Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma idona ya faɗa kan ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi, wanda ke damƙe faifan taya in an taka birki. Duk ya yi tsatsa. Mai sayar da fenti ba ya iya ganin tsatsa ya wuce, cuta ce. Na kwance na hagu, na kwance na dama, na cire musu tiyon mai, na goge su tas, na zuba musu jan fenti mai ƙyalli har shafi biyu. Na jera su a kan jarida suna sheƙi. Wallahi har hoto na ɗauke su.

Washegari da safe na mayar da su, na ɗaure. Sista ta fito ta tarar da motarta a sama babu ƙafafun gaba.

"Inna lillahi. Wannan ne dubawar?"

"Dubi kyau, Sista, dubi kyau! Mai gwajin yana ganin jan nan zai san ya haɗu da manya."

Ta shiga ta taka birki. Fedar ta tafi har ƙasa, luɓus, kamar an taka burodi.

"Babu birki," ta ce, muryarta ta yi ƙasa.

"Iska ce ta shiga. Dole ta shiga tunda an cire tiyo. Yanzu za mu fitar da ita, kafin shayinki ya huce an gama."

Aikin fitar da iska na mutum biyu ne. A jikin kowane muƙamuƙi akwai wani ɗan noti mai huji. Na ƙasa ya sa masa siririyar roba, ya tsoma bakinta a kwalba. Na cikin mota ya taka birki ya riƙe, na ƙasa ya buɗe notin, mai ya fito da kumfar iska, ya rufe, sannan na sama ya saki. Duk sirrin shi ne kar a saki kafin a rufe, in ba haka ba iskar da aka kora ta koma ciki da 'yan uwanta. Na yi wa Sista wannan bayani ina ɗaga sifana kamar malami da alli, na kwanta a kan kwali.

"Taka!"

"Na taka."

"Riƙe!"

"Na riƙe."

Na buɗe, mai ya yi tsartuwa da kumfa, na rufe. "Saki!"

Abin ya tafi daidai har na fara rera waƙa. Can ta ce, "Ka yi sauri, ƙafata ta fara rawa."

"Wadda za ta yi gwajin tuƙi ce take kukan ƙafa tun yanzu?"

Ta leƙo ta taga don ta ba ni amsa. Sista ba ta iya faɗa da ƙafa a ƙasa ba, da duk jikinta take yi. Ina kallo kumfar da na kora ta juya cikin robar ta koma gida.

"Kin saki!"

"Ka yi magana ne!"

"Da ƙafa kike ji?"

"Da baki kake gyara?"

Wannan muhawara ita ta tara mana jama'a. Goggo, tsohuwar da ke saman benen da ke kallon namu, ta buɗe taga ta jingina. Mai Aski ya baro shagonsa da ke gangaren layin, da tawul a kafaɗa. Akawu ma ya iso, dattijo mai ritaya wanda ba shi da aiki sai goge tsohuwar motarsa kowace safiya. Na sha ce masa motar ba mota ba ce, kejin kaji ce aka sa wa taya.

"Ɗan nan," Goggo ta ƙwalo daga sama, "jiya fa motar nan da ƙafarta ta shigo."

"Da ƙafarta za ta fita, Goggo, har da rawa."

Sista ta ce za ta je ta yi wanka ta goge kayanta, in nemi wani ya taka mini. Mai Aski ya ce ai shi ne maganin wannan, duk rana a tsaye yake, ƙafarsa ƙarfe ce. Ya zauna a kujerar direba ya gyara madubi ya duba gemunsa.

"Taka!"

Ya taka. Ya sake takawa. Ya shiga dannawa yana saki kamar mai keken ɗinki, yana ba Akawu labarin wani da ya zo aski da ƙeya biyu.

"Malam, riƙewa ake yi!"

"Na riƙe sitiyari ai."

"Birkin!"

"To ka faɗa mana. Injiniya, umarninka ba ya fita sosai daga ƙarƙashin nan."

Muka sake. Muka kuma sakewa. Na zagaya tayoyin baya, na dawo na gaba, kwalba tana cika, zuciyata tana fari. Sai na ji wani sauti daga wajen inji, zuuuƙ, irin na yaro in ya kai ƙarshen lemo da tsinken sha. Akawu ya leƙa ƙarƙashin murfin inji.

"Injiniya, wannan 'yar robar ta man birki, haka ake barinta babu komai?"

Na san amsar. Tana cikin rabin bidiyon da na kalla. Mai bidiyon har rantsuwa ya yi cewa kar a bar ta ta ƙafe, domin in ta ƙafe iska ce za ta cika tiyon mota gaba ɗaya, a koma farko.

"Da gangan ne," na ce. "Sai an zubar da tsohon man tas ake zuba sabo. Sabon salo ne."

"Oho," in ji Akawu. "Mu a zamaninmu ba a kai nan ba."

Na buɗe sabon gwangwanin mai, na cika robar, na ɗora gwangwanin a kan kafaɗar motar. Mai Aski ya fito don ya miƙe ƙafa, ya bugo ƙofa. Gwangwanin ya kwanta. Mai ya gangara a kan farin fenti, a hankali, har ƙasa. Duk duniya in akwai mutumin da ya kamata ya san man birki yana cin fenti, ni ne. Na ruga na kawo tsumma na goga, tsumman ya taho da fentin. Wuri kamar tafin hannu biyu ya koma launin toka.

"Wannan ma sabon salo ne?" Goggo ta tambaya.

"Dama zan sake mata fenti."

"Ja?"

Jama'a suka kwashe da dariya. A lokacin an kai mutum goma sha, har da mai rake da ya ajiye baronsa ya ga kasuwa ta buɗe.

Na koma ƙasa. Wannan karon na sa Akawu ya tsaya a kan robar mai yana ƙarawa, Mai Aski ya yi shiru bisa sharaɗin zan zo aski. Taka, riƙe, saki. Taka, riƙe, saki. A garin leƙa siririyar robar na buɗe notin fiye da kima, ta fice, mai ya feso mini a goshi ya bi ta gira. Na fito ina lalube ina ihun a kawo ruwa, aka sheƙa mini bokiti guda daga kai har ƙafa, alhali kofi ɗaya na nema. Na koma na kwanta a jiƙaƙƙen kwali.

A ƙarshe mai ya riƙa fita garau, ko ɗigon kumfa babu, a duk tayoyin huɗu.

"Yanzu taka ka ji!" na ce da ƙarfi don kowa ya shaida.

Mai Aski ya taka. "Har ƙasa."

"Ba ka iya ba ne."

Akawu ya shiga ya taka. "Har ƙasa, Injiniya."

"Ƙafarka ta tsufa."

Mai rake ma ya shiga ya taka. Ya ce shi bai san mota ba, amma wannan ko baronsa ba za ta tsayar ba.

Na sake shigewa ƙarƙashi, ba don ina da abin yi ba, sai don nan ne kaɗai babu ido. Na kwanta rigingine, kwalbar man tana kusa da fuskata. Na girgiza ta don haushi. Wata 'yar kumfa ta taso daga gindin kwalbar ta hau sama. Na bi ta da kallo. Iska sama take hawa. Na juya na dubi jan muƙamuƙina. Ɗan notin da ake fitar da iskar yana ƙasa, yana kallon kwalta. Na leƙa ɗaya gefen, shi ma haka. Jiya da na kwance su a sama suke, na tuna sarai, domin sai da na goge musu ƙura.

Na hagu na ɗaura a dama, na dama a hagu. Alamar da aka buga a jikinsu don kar a yi hakan, ni da kaina na binne ta da fenti shafi biyu. Iskar tana can sama a zaune, ko shekara za mu yi muna takawa mai ne kawai zai fita ta ƙasa.

Gyaran a fili yake: a sake kwance su, a musanya, a fara daga farko. Amma sai an yi shi a gaban Goggo, da Mai Aski, da Akawu, da mai rake, da duk wanda na ce wa bai iya taka birki ba.

Daidai nan na ga takalman Sista sun tsaya kusa da kaina. Ta yi wanka, ta sa kayanta masu guga, da jaka a hannu.

"Baban yara, lokaci ya matso. An gama?"

Kafin in amsa Akawu ya yi gyaran murya. "'Yata, ga shawara. Motata tana can ƙofar shagon aski, da mai a ciki. Giyarta irin taki ce. Ki ɗauka ki je gwajinki, shi kuma ya ƙarasa a tsanake."

Na ji Sista ta sauke numfashi. "Baba, Allah ya saka da..."

"Kejin kajin?" Na fito daga ƙarƙashi kamar an harbo ni. "Matata za ta je gwaji a kejin kaji ina raye? An gama! Dama ɗaure taya ya rage."

Har yau in na tuna wannan maganar sai na ji kamar in ciji hannuna.

Na mayar da tayoyi, na sauke jak, na shiga. Akwai wata dabara: in aka danna birki mai iska da sauri sau da yawa a jere, yakan yi tauri na ɗan lokaci. Na danna, na danna, na danna a ɓoye, fuskata tana murmushi ta taga, sannan na riƙe.

"Sista, sa hannu ki ji."

Ta sunkuya ta danna fedar da hannu, ƙafata tana gefenta tana taimakawa. "Ya yi tauri," ta ce, fuskarta ta washe. Ta miƙo hannu. "Kawo makulli."

Nan kam tsoro ya kama ni na gaske. Girman kaina yana da yawa, amma bai kai in bar ta ta hau titi da wannan abin ba. Sai dai maimakon in buɗe baki in faɗi gaskiya, wata dabarar na sake nema. Na ce a raina zan ɗan zagaya da ita, in dawo in ce na ji wata ƙara a inji, laifin ya koma kan wanda ya sayar mata da motar.

"Injiniya ba ya miƙa aiki sai ya gwada," na ce. "Ku ba ni hanya."

Aka janye duwatsu. Na tayar, na saki birkin hannu. Layinmu yana da ɗan gangare, wanda ban taɓa lura da shi ba sai ranar. Motar ta fara tafiya, a hankali, cikin natsuwa. Na ɗaga wa jama'a hannu. Har tafi wani ya yi.

Na taka birki don in nuna musu. Fedar ta sumbaci ƙasa.

Na danna da sauri. Ta ɗan kama, ta saki. Na ci gaba da ɗaga hannu, domin ban san yadda zan sauke shi ba tare da an gane ba. Motar ba gudu take ba, mai tafiya da sauri zai iya jerawa da ita, kuma hakan aka yi. Duk taron ya biyo ni, Mai Aski yana tafe daidai tagata.

"Injiniya, tsaya mana mu gani."

"Ina gwada santsin taya tukuna."

"Ka fa nufi shagona."

"Na gani."

"To tsaya!"

"Ina kan hanya!"

Na murɗa abin da hannuna ya samu. Waifa ta fara share gilashi. Na danna wani, rediyo ya kama, ana hasashen yanayi. Na danna hon, kaji suka watse, amma shagon aski bai matsa ba. A gabansa, ƙarƙashin bishiya, motar Akawu tana tsaye tana ƙyalli.

"Birkin hannu!" Muryar Sista ce, tana gudu da jaka a hammata. "Ja birkin hannu!"

Ku ji irin halina. A wannan lokacin, da gilashin shago a gabana da rai a hannun Allah, abin da ya fara zuwa bakina shi ne, "Na sani!" Sai da na gama faɗa, na juya na tabbatar ta ji, sannan na kai hannu na ja.

Ƙwas.

Ba wani karo ba ne mai ƙarfi. Hancin motar Sista ya shiga hancin motar Akawu, fitilu suka zube, bamba ta sauka ƙasa gefe guda. Sai ga ruwa yana tsiyaya daga lagireton motar Akawu, tankin da ke sanyaya inji, ya bi gangare. Wani mutum ya fito daga shagon da rabin kai a aske, ashe tun safe yake zaune yana jiran Mai Aski ya dawo.

Jama'a suka zagaye motocin biyu. Waifa ce kawai take aikinta.

Akawu ya zo ya tsuguna gaban motarsa, ya ciro hankici ya goge ƙurar da ke kan fasasshiyar fitilar. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mai Aski ya durƙusa yana leƙen tayar gaba.

"Kai, amma jan nan ya yi kyau," ya ce. "Birki ne dai babu."

Aka fashe. Har mai rabin kai sai da ya riƙe ciki. Daga can saman bene Goggo tana tambaya ko an fara rawar ne, ita ba ta hango.

Sista ba ta yi dariya ba. Ta koma gefe ta kira ofishin lasin a waya. Na ji tana cewa don Allah, na ji tana cewa ko zuwa yamma, na ji ta ce to, na gode. Ta zauna a kan dakalin shagon, ta ɗora jakar a cinya. Gefen zanenta mai guga ya sha baƙin mai.

Na je na tsaya a gabanta, ruwa yana ɗiga daga wandona.

"Sun ce sai wata mai zuwa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na san abin da hakan ke nufi. Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na faɗa mata komai a hankali, hagu da dama, da notin da ke kallon ƙasa.

"Yaushe ka gane?"

"Ina ƙarƙashin motar."

"Kafin Baba ya ce in ɗauki tasa?"

Na gyaɗa kai.

Ta ɗago ta dube ni. "Wato ka gwammace ka shiga shagon aski da mota, da ka ce ka yi kuskure."

Na buɗe baki. Ina da bayani a shirye, mai kyau ma, game da yadda masu ƙera motoci suke yin ƙarfen hagu da na dama kamar tagwaye, da yadda kowa zai iya ruɗewa. Sai na ga tana share ido da bayan hannu, a hankali, don kar mutanen layi su gani. Na rufe bakina, na zauna a ƙasa kusa da takalmanta.